Matsayin Dodon Koɗi a Harkar Tara Kuɗi

Duk lokacin da baje kolin ƙauye ya zagayo a Ingila, yakan dawo wa duk mai son lissafi da tsohon takaicinsa, domin har yau an rasa wanda zai bayyana dalilin da ya sa Baturen da ke neman kuɗin gyaran rufin ɗakin taro ba zai yi sallama da maƙwabcinsa ya ce a taimaka ba, sai dai ya kafa kwamiti, ya ari fili, ya kafa tantuna, sannan ya gayyato maƙwabcin nan ya biya fam guda don a ba shi izinin jifa da takalmi. Baje kolin ƙauye dai taro ne da manoma ke kawo tumaki da shanu da kabewa alƙalai su duba su ba da kyauta, amma a gefensa akan jera wasannin gargajiya waɗanda ribarsu ke shiga asusun ƙungiyoyin gari, irin su kulob ɗin kurket da 'yan sikawut da ƙungiyar matasan manoma.

Takalmin da ake jifa da shi dogon takalmin roba ne na shiga taɓo, wanda ya samo sunansa daga Wellington, sarkin yaƙin da ya karya Napoleon a Waterloo a 1815, kuma ladan wannan jarumtaka ke nan, wato magidanta su riƙa wulwula sunansa suna cillawa cikin ciyawa. Jan igiya ya fi wannan asali, tunda an yi shi a gasar Olamfik daga 1900 zuwa 1920 kafin a sallame shi ya koma ƙauye. Sai rumfar kek, inda uwargida kan kashe fam goma da yini guda a bakin murhu, ta ba da abin da ta gasa kyauta, a sayar wa mijinta fam biyar, su koma gida da shi kowa yana murna an yi aikin alheri.

Duk waɗannan wasan yara ne idan aka kwatanta da abin da ƙauyen Congham na gundumar Norfolk ya shahara da shi tun shekarun 1960, wato gasar tseren dodon koɗi ta duniya, wadda aka ƙirƙira a gefen bikin tara wa cocin garin kuɗi. Filin tseren ƙyalle ne mai danshi da ake shimfiɗawa a kan tebur, an zana masa da'ira, kuma daga tsakiya zuwa gefe inci 13 ne, kimanin santimita 33, wato tsawon da bai cika kamu guda ba. Ana liƙa wa kowane ɗan tsere lamba a bayan katantanwarsa, akwai alƙali, akwai zagayen share fage da na ƙarshe, an kuma hana shigo da manyan dodannin ƙasashen waje don kare mutuncin 'yan gida. Zakaran da ake kafa misali da shi wani ne mai suna Archie, wanda a 1995 ya kammala tafiyar cikin minti 2, saurin da idan aka buga lissafinsa bai wuce mita 10 a sa'a ba, ma'ana da za a aike shi kanti mai nisan kilomita guda, sai ya yi kwana huɗu da 'yan sa'o'i a hanya, in har bai tsaya kiwo ba. Kyautar zakara kofin ƙarfe ne cike da ganyen latas, wanda hakan ya sa shi kaɗai ne ɗan wasan da aka sani yana cinye lambar yabonsa a gaban jama'a ba tare da an kira shi marar godiya ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne masu dodannin, manya da furfurarsu, sukan duƙa a bakin tebur suna kiran suna har murya ta dushe, alhali masana dabbobi sun daɗe da tabbatar da cewa wannan halitta ba ta da kunne.

Akan yi dariya a nan, amma dariyar ba ta nisa, domin da yamma ma'aji kan zazzage gwangwani a kan tebur a gaban shaidu, a ƙirga kwabbai ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka ƙirga shi ne abin da ake kaiwa banki. Makarantun Nijeriya sun gaji tseren buhu da gudu da ƙwai a cokali da jan igiya daga wajen mutanen nan, har gobe ana yin su a ranar wasannin makaranta, sai dai gwangwanin ne aka manta a jirgin ruwa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ƙaddamar da gidauniya, wato taron da ake hayar rumfa da kujeru da lasifika, a sayi lemon manyan baƙi da bashi, a jira babban mai ƙaddamarwa tun hantsi har la'asar, sannan wakilinsa ya miƙe ya sanar da miliyoyi, maroƙi ya wasa shi, mata su rangaɗa guɗa, a watse ba a ga ko sisi ba. Kulob ɗin ƙwallon unguwa da aka yi taron dominsa yana nan da ƙwallonsa guda mai faci, mai rumfa kuma ya soma zuwa da rana tsaka yana ɗaga murya.

Da a ranar da aka yi alkawarin an ɗora wa Archie takardar cakin a baya an nuna masa hanyar banki, da tuni an sayi riguna. Ma'ajin kulob ɗin dai ya je ƙofar gidan Alhaji mai ƙaddamarwa sau tara, kuma a zuwa na tara maigadi ya shaida masa cewa an tafi Umara.