Jinjina ga Sarkin Bati

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanina a yau shi ne mutumin da ya karance littafi hamsin a wayarsa bai taɓa biyan ko sisi ba. Ranka ya daɗe, Sarkin Bati! Ci ka ƙoshi ba da sisinka ba! Ka sha nono, ka bar wa mai saniya kiwo! Daga Anka zuwa Gummi, daga Bukkuyum zuwa Tungar Daji, duk inda sabis ya leƙo ko da sanda ɗaya ce, mulkinka ya kai can. An naɗa sarakuna da yawa a ƙasar Zamfara, amma ban ji wanda talakawansa ke yi masa noma dare da rana, rani da damina, kamar kai ba.

Bari in fara da hannun kyautarka, don shi ya fi fitowa fili. Marubuciya ta yi wata uku tana taifin da babban yatsa a kan wayar da gilashinta ya tsage. Ta saki farkon labari kyauta don a ɗanɗana, sannan ta ce mai son ci gaba ya turo naira ɗari uku ko ɗari biyar, ta asusun banki ko da katin waya, ya aiko da shaidar biya a saka shi cikin zauren waɗanda suka biya. Ta haɗa mutane da girman Allah kada a fitar mata da littafi. Mutum ɗaya ya biya. Kafin a kira isha'i littafin yana zaure goma na WhatsApp, ya tsallaka Facebook, ya kwana a Maraɗi, ya wayi gari a Kumasi da Jidda. Wannan aikinka ne, ranka ya daɗe. Attajirai suna kyauta da abin da suka tara da guminsu, wannan kowa ma zai iya. Kai kuwa kana kyauta da gumin wani, kuma a gode maka, a ce Allah ya bar zumunci. Ita mai littafin ko sannu ba ta samu ba.

Masu ƙorafi suna cewa ba ka biya. Ƙarya suke yi maka. Wa ya kai ka biya da addu'a? "Allah ya ƙara basira, Anti." "Malam, Allah ya saka da alheri, a ci gaba da suburbuɗo mana." Marubuci ya kwashi addu'o'in nan fal aljihu ya nufi rumfar mai caji, mai caji ya nuna masa janareta ya ce ita fetur take sha. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin cajin waya bai sake komawa inda yake ba. Ya wuce wurin mai sayar da data, shi ma ya ce tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Taki ya tashi, kuɗin mashin daga ƙauye zuwa Anka ya tashi. A duk faɗin Najeriya kai kaɗai ka riƙe farashinka bai motsa ba. Jiya babu, yau babu, gobe ma in Allah ya kai mu babu. Irin wannan tsayuwa kan magana ɗaya sai manyan maza.

Ga kula da jama'a. In marubuciya ta yi kwana biyu ba ta saki ci gaba ba, kai ne farkon mai cigiya: "Anti lafiya kuwa? Kin bar mu a rataye." A kwana na uku cigiya ta koma gori, a ce ta fara girman kai. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni suka zama watanni a ƙauyuka. Mai son gaida ɗan'uwansa sai ya ɗauki hanya mai haɗari zuwa wata jiha. Duk wanda abincinsa ke rataye da waya a yankin nan ya ga ta kansa. Da aka buɗe layi, wanda yake rubutu ya tarar da masu karatunsa sun koma wani zaure, inda ake rabon littafin wata. Ba ka tsaya tambayar abin da ya ci a watannin nan ba. Sarki ba ya shiga irin wannan ƙaramar magana.

Sarauta ba ta cika sai da fadawa, kuma naka zaɓaɓɓu ne. Ga Wazirinka, wanda ke ɗaukar littafin da bai rubuta ba, ya karanta shi da murya mai daɗi ya ɗora a YouTube, talla ta biyo baya, kuɗi su shiga aljihunsa, mai littafi ta ji labarinta a bakin wani tana tsakar gida tana wanke-wanke. Ga Galadimanka, wanda ke kwafe rahoton da wani matashi ya hau mashin ya je ƙauye ya ɗauko, ya goge sunan mai shi ya rubuta nasa, ya ƙara "da ɗumi-ɗumi" a sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da a ce kowane sarki yana da fadawa masu himma irin waɗannan, da babu abin da zai saura a rumbun talaka.

Har a ƙasashen waje kana da aminai. An gaya wa matasanmu cewa in mai karatu bai biya ba, mai talla zai biya. Suka yarda, suka duƙufa. Sai suka tarar da tsarin tallan Google, wato AdSense, yana da jerin harsunan da yake karɓa, kuma Hausa ba ta ciki, duk da gomman miliyoyin da ke magana da ita daga Sakkwato zuwa Sudan. Wanda ya koma rubutu da Turanci don ya samu shiga, sai ya bar mutanen garinsu a baya, ya je yana gogayya da marubutan Legas da Landan. In ya dace an karɓe shi, ba za a biya shi ba sai abin da ya tara ya kai dala 100. Kafin nan kuma za a aiko masa da lambar tantance adireshi a takarda ta gidan waya. Ka ji fa, ranka ya daɗe, ta gidan waya, zuwa Tungar Daji! Sannan masu talla sun fi daraja idon mai karatu a Amurka ko Ingila a kan idon mai karatu a Gummi, don suna duba nauyin aljihunsa ne. Mutum dubu su karanta a nan, abin da zai faɗo bai kai na mutum kaɗan a can ba. Su kuwa 'yan kasuwarmu na gida, mai shagon atamfa da mai sayar da taki, in za su yi talla rediyo suke nufa ko su dogara da baki. Ko dandalin OkadaBooks, wanda ya yi shekara goma yana sayar da littattafan marubutan Najeriya ta waya, ya rufe ƙofa a watan Nuwambar 2023. Duk hanyar da marubuci ya bi, sai ya tarar ka riga shi zuwa ka shimfiɗa tabarma.

Idan na tuna da kakanninmu sai in ga irin wayewar da ka kawo. Su ba su san bati ba. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. An ce gaskiya ta fi kwabo, amma duk da haka sai ka ajiye kwabon kafin a miƙo maka ita. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun kai har kasuwannin ƙauye, kuma saye ake yi. Wadda ba ta da kuɗin saye tana biyan kuɗin haya. Ko a lokacin 'yan kasuwa sukan fi marubuci samu, amma akwai abin da ke komawa hannunsa ya buga na gaba. Makaɗan ƙasar nan irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba da "Allah ya ƙara basira" kaɗai suka riƙe gidajensu ba. Doki ake ba su, da riga, da hatsi, da kuɗi, don mutanen da sun ɗauka cewa wanda ya ji daɗin fasahar wani ya ci bashi. Kai ka zo ka yafe wa kanka wannan bashi, ka yafe wa jama'arka, ba tare da ka wahalar da mai bin bashin da neman izininsa ba.

Kuma ka yi wa adabi gyara. Da ka hana rubutu mai tsafta kawo ko kuɗin data, wasu suka lura cewa abin da mutane ke yarda su biya a ɓoye shi ne batsa, suka koma can. Masu labarai suka gane cewa kanun da ya tayar da hankali ya fi jawo idanu, ko da ƙarya ne. Masu kunya da masu gaskiya da yawa suka ajiye alƙalami, wannan ya koma acaɓa, waccan ta koma sayar da turaren wuta. Sai ga ka a majalisa kana girgiza kai kana cewa marubutan yanzu sun lalace, ba kamar na da ba. Ka hana gona ruwa, ka dawo kana zagin ƙaya. Wannan hikima sai kai.

A nan zan ajiye tambari, don abin da ya rage ba na kirari ba ne.

Mutanen yankin nan sun san ma'anar a yi wahala a gida riba ta tafi wani wuri. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Guru, Duza, Tungar Daji, Bagega. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Zinariyar ta bi dillalai ta fita, ƙurar ta zauna. Ba na haɗa asarar rai da asarar kuɗin littafi, Allah ya kiyaye. Na kawo wannan ne don a tuna yadda Bagega ta samu agaji. An yi alkawarin kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, aka yi ta jan ƙafa, har sai da matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka cika intanet da maganar, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Rubutu da magana ne suka motsa Abuja.

Yau ma ƙauyukan nan suna da labarin da ya kamata duniya ta ji: gonakin da aka bari, harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma, iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, makarantun da babu malami. Wanda ya fi cancanta ya rubuta wannan shi ne ɗan wurin, wanda ya san hanya, ya san harshe, ya san wanda aka rasa. Amma yana buƙatar caji, da data, da kuɗin mashin, da abin da zai kai gida. In rubutu bai ba shi ko ɗaya ba zai bari, kuma babu mai ganin laifinsa. Daga nan labarinmu sai wanda baƙo ya ga dama ya ɗauka, a lokacin da ya ga dama.

Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Ya kamata marubuta su san ta, su haɗa kai su riƙa bin haƙƙinsu a ƙungiyance, su daina dogara da "Allah ya isa" a ƙarshen kowane babi. Ya kamata attajiranmu da masu shaguna su kai tallarsu wurin yaran garinsu da ke da masu karatu. Amma babban gyaran yana hannunka, ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa. Addinin da muke bi bai ɗauki haƙƙin ma'aikaci da wasa ba, kuma wanda ya kwana yana rubutu ma'aikaci ne. In littafi na kuɗi ne, ka biya ko ka haƙura. In an turo maka na sata, kada ka tura gaba. In rubutun wani ya amfane ka, ka nemi asusunsa ka saka masa ko ɗari biyu ce. Kuɗin da kake sayen data da su don ka karanta suna zuwa kamfani, ko kwabo ba ya kai wa wanda ya rubuta. A biya marubuci haƙƙinsa tun yana da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.