Irin Mutanen da Biki Ke Tonowa a Sifaniya

Bahaushe ya san Sifaniya ta hanyar ƙwallo: Real Madrid da Barcelona, sai gardamar da ke biyo baya a teburin mai shayi. To amma ƙasar tana da abin da ya girmi ƙwallo nesa ba kusa ba, wato biki. Kusan kowane gari da waliyyinsa, kowane waliyyi da ranarsa, kuma in ranar ta zo, mutumin da aka sani da natsuwa a ofis sai ya fito da halin da ko matarsa ba ta san da shi ba. A wurina, mutanen sun fi bijimai da tumatirin da ake wasu bukukuwan da su ban kallo.

Na farko shi ne Jarumin Baki. Fagensa Pamplona, daga 7 zuwa 14 ga Yuli, inda kowace safiya da ƙarfe 8 ake sako bijimai shida cikin lungunan gari, jama'a su ruga a gabansu har filin wasa, tafiyar da ba ta cika kilomita ɗaya ba. Tun da dare ya sanya fararen kaya da jan ƙyallen wuya, ya cika wa abokai kunne cewa shi sai ya shafa ƙaho, alhali doka ma ta hana taɓa dabbar. Ana harba rokar farko, alamar an buɗe garke, sai a neme shi a rasa. Can za ka hango shi manne da shingen katako kamar ƙadangare a katanga, ko kuma ya riga bijiman shiga filin da tazara mai yawa, 'yan kallo suna yi masa ihun tsiya. Da yamma kuwa labarinsa ya fi na kowa tsawo: "Hucinsa fa har a ƙeyata na ji!"

Gefensa akwai Tsohon Hannu, ɗan gari, wanda ba ka jin bakinsa. Jarida ce a naɗe a hannunsa, don kawar da hankalin bijimi in ya matso. Ya san kwanar shiga titin Estafeta inda bijimai kan zame su bugi shinge, ya san in ka faɗi ba a tashi, kwanciya ake yi a rufe kai. 'Yan mitoci kaɗan yake gudu, ya kauce, ya tafi shan kofi. Bai ɗauki abin wasa ba, don daga 1910 zuwa yau mutum 16 sun mutu a wannan gudu, na baya-bayan nan a 2009. Da zai haɗu da 'yan hawan ƙahonmu, ba sa buƙatar tafinta.

Sai Buñol, kusa da Balensiya, ranar Larabar ƙarshe ta Agusta, inda tun 1945 ake jifar juna da tumatir. Nan ne mazaunin Mai Sabuwar Riga. Ya zo da takalmi mai tsada da gashi a gyare, yana cewa shi daga gefe zai tsaya. Babu gefe a Buñol. Motoci na juye kaya, cikin minti biyar ya koma kamar wanda aka tsamo daga tukunyar miya, takalmi ɗaya ya tafi ba sallama. Ƙa'ida ita ce a matse tumatir kafin a jefa, amma kullum akwai wanda ya manta, kuma kullum jifarsa a kunnen Mai Sabuwar Riga take sauka.

A nan kuma za ka ga Mai Lissafi, kuma ba zan ɓoye ba, da zan je, ni ne shi. Tumatir tan sama da 100 a cikin awa ɗaya! Kowa na dariya, shi yana juya abin zuwa kwanduna, yana tuna shekarar 2016 da tsutsa ta cinye gonakin Kadawa har miya ta koma sai mai hali. A ce masa wannan tumatir ne da bai cancanci kasuwa ba, ya ce a kawo dai ya gani da idonsa.

Wadda ta fi kowa taurin zuciya, ba a Pamplona take ba. Uwa ce a ƙauyen Castrillo de Murcia, wadda ke kwantar da jaririnta kan katifa a tsakiyar titi, wani ƙato cikin shigar shaiɗan, rawaya da ja, ya taho a guje ya tsallake shi. Tun wajen 1620 ake yi, wai don a kore wa yaro sharri. Ita kuwa tana gefe tana gyara waya don hoto ya fita.

A Kataloniya akwai Na Ƙasa. Ana gina hasumiyar mutane, wani kan kafaɗar wani, har hawa tara ko goma, ƙaramin yaro ko yarinya ya haye can ƙololuwa ya ɗaga hannu. Yaron ne ke shan tafi, shi ne a jarida. Na Ƙasa kuwa fuskarsa a matse cikin hamatar maƙwabci, ƙafar wani a wuyansa, bai ga komai ba sai an nuna masa a waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daren sabuwar shekara kuma na Mai Gaggawa ne. Agogon dandalin Puerta del Sol a Madrid zai buga sau 12, kowane bugu a ci ƙwayar inabi ɗaya. Sai dai kafin bugun na gaskiya akwai wasu na share fage, kuma duk shekara sai sun yaudare shi. Ya fara tun ba a fara ba, ya rikice, ya cusa sauran gaba ɗaya, ya shiga sabuwar shekara kumatu a kumbure, ido ya yi ja, ana yi masa barka ba ya iya amsawa. Ƙanwarsa Mai Dabara tun da rana ta ɓare nata ta cire 'ya'yan.

Na ƙarshe kai ne, mai karatu, Baƙo Mai Yunwa, wanda zai je gidan abinci da ƙarfe 6 na yamma ya tarar da ƙofa a rufe, don mutanen nan ba sa zama cin abincin dare sai 9 ko 10. In Allah Ya kai ka, ka tafi da tsohuwar riga, da takalmi mai igiya, da ƙulli-ƙuli a aljihu.