Yadda Jirgi Ya Tafi da Hajiya Ya Bar Ni a Gaɓa

A unguwarmu in dai maganar cike fom ce, ni ake nema. A kan tebur na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, hannuna ya saba da biro da hatimi. Mai neman fasfo, mai neman kujerar Hajji, mai yaron da zai tafi karatu Masar, duk wajena suke zuwa bayan la'asar da takardu a cikin leda. Na kuma sha ƙetare iyaka: ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Seme zuwa Kwatano, har Ankara ta Gana na je, ba wanda ya tambaye ni biza, albarkacin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Da wannan ɗan ilimi nake gyara wa mutane zance a majalisa. Wasu har Sarkin Hanya suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Italiya, ita da mijinta suka haɗa kuɗi suka saya mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, ni da Hajiya, mu tafi tare da su da ɗansu. Irin ƙaton nan ne mai benaye sama da goma, mai ɗaukar dubban mutane, da gidajen abinci da wurin ninƙaya a samansa. Zai zaga Tekun Adiriyatik, ya tsaya a Kotor, da Corfu, da Bari, da Dubrovnik, ya dawo Trieste inda ya tashi. Na so a ce daga Benis mai kwale-kwale za mu tashi don in sami abin faɗa a gida, amma tun Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin.

Surukin nawa ya bugo waya, ya gaishe ni har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce, "Baba, da za a turo hoton fasfo, sai in cike muku takardun biza daga nan."

Na ce, "Ka cike na Hajiya. Nawa ka bar mini."

Bizar Shengen ake nema, wadda ke buɗe wa mutum ƙasashe 29 da hatimi ɗaya. Sharuɗɗanta kuwa na haddace su tsaf. Kuɗinta yuro 90 tun daga Yunin 2024. Sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000. Fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar fitowa, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Ga bayanin asusun banki, ga zanen yatsu, kuma ba a wuce kwana 90 cikin kowane 180. Duk na shirya su a fayil mai roba, kowace takarda da lambarta a kusurwa.

Akwai wani ɗan gurbi a fom ɗin da ke tambaya: shiga ɗaya kake so, ko biyu, ko da yawa? A nan na ajiye biro na yi tunani irin na manya. Sau ɗaya zan shiga Turai, sau ɗaya zan fito. In na ce da yawa, Bature zai ce wannan tsoho zalama gare shi, wataƙila zama ya zo yi. Na zaɓi ɗaya. Na haɗa da takardar gayyatar 'yata, amma jerin tashoshin jirgi ban sa ba, don a ganina jirgin otal ne kawai da ke yawo, kuma ba a gaya wa hukuma ɗakin da mutum zai kwana. Da fasfo suka dawo, nawa an rubuta 01, na Hajiya an rubuta MULT. Na dubi nata na girgiza kai na ce, "Yaran zamani, komai sai sun cika."

Ranar tafiya na ci ado. Shadda ce fara ƙal mai aiki, babbar riga da 'yar ciki da wando, da zanna bukar da aka wanke ta musamman. A Trieste jirgin yana tsayawa ne dab da babban dandalin garin da ke kallon teku, don haka jama'a na ta kallon masu shiga, ni kuwa na ɗauka ni suke kallo. 'Yan dako suka liƙa wa akwatunanmu takarda suka wuce da su. Muka bi layi. Hajiya ta miƙa fasfo, aka ɗauki hotonta, aka ba ta katin ɗaki. Na miƙa nawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana gyara hannun riga.

Yarinyar da ke kan kanta ta buɗe shafin biza. Ta juya ta dubi hatimin da aka buga mini a filin jirgin sama na Milan. Ta koma kan biza. Ta ɗora yatsa a kan 01 ɗin nan, farcenta da jan lalle irin nasu, ta bar shi a wurin, ta ɗaga ɗaya hannun ta yafuto wani mai rediyo a kafaɗa. Suka yi ƙus-ƙus, suka kira surukina. Na ga yana sauraro yana shafa ƙeya. Da ya juyo, a tsakiyar Turawa da akwatuna, sai yaron nan ya durƙusa a gabana, idonsa a kan takalmina.

"Baba, wai sun ce bizar ta shiga ɗaya ce."

"To sau nawa na shigo?"

"Sau ɗaya, Baba."

"To fa?"

"Wai jirgin zai tsaya a Kotor."

"Kotor ɗin ba Turai ba ce?"

"Turai ce, Baba. Amma ƙasar Montenegiro ce."

Na zaro takardar yuro 20 daga aljihu na ce ya tambaye su wane kuɗi ake kashewa a can. Aka ce yuro. Na ce to a ba ni katin ɗakina. Mai rediyo ya yi murmushin wanda ya sha jin wannan hujja, ya yi bayani a hankali, surukina yana fassara mini da rabin murya. Montenegiro tana kashe yuro, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta kuma cikin Shengen. Abubuwa uku ne daban da na cure wuri ɗaya. Ayalan da Saifurus suna cikin Tarayyar amma ba sa cikin Shengen. Norwe da Suwizalan suna cikin Shengen amma ba sa cikin Tarayyar. Da zarar jirgi ya nufi Kotor na fita daga yankin, kuma washegari a Corfu ta Girka shiga ta biyu zan yi. Biza mai shiga ɗaya tsinken ashana ce, ni kuwa na riga na ƙyasta tawa a Milan.

Sai na kawo shawarar da nake ganin ba ta da ƙofa. Na ce ba zan sauka a Kotor ba. Zan kulle kaina a ɗaki, in ja labule, ko tagar ba zan leƙa ba. In suna so su riƙe makullin.

Nan ne na ji abin da ban taɓa gaya wa kowa a majalisa ba, don ban san shi ba. Hukumar shige da fice ba ta damu da ko ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Kafin jirgi ya isa kowace tasha yana aika jerin sunayen duk wanda ke ciki, da lambar fasfonsa da ƙasarsa, mai sauka da mai barci. Jirgi ya shiga ruwan ƙasa, kai ma ka shiga. Idan kuma ya kawo wanda ba shi da takarda, kamfanin ne zai biya tara ya kuma mayar da mutumin da kuɗinsa. Shi ya sa suke tace mutane tun a bakin ƙofa. Da na tambayi kuɗin tikiti, sai aka nuna mini wani sakin layi mai ƙananan haruffa: neman biza alhakin fasinja ne, wanda aka hana shiga saboda takarda ba a mayar masa da ko sisi. Ni da nake hana mutane sa hannu a abin da ba su karanta ba, ni na ce wa 'yata ta danna amincewa, ai duk surutu ne.

Hajiya ta ce, "Alhaji, in ba ka shiga ba, ni ma ba inda za ni." Ta faɗa da kyau, har na ji sanyi a raina. Sai dai jakarta tana rataye a kafaɗa, katin ɗaki yana hannunta, jikanmu yana jan gefen mayafinta wajen matakala. Na ce, "A'a, Hajiya, ku je, kada kuɗin yara ya tafi a banza." Na faɗa ne don ta sake cewa a'a, in sake cewa ku je, mu yi ta yi yadda aka saba. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kada ka manta da maganin hawan jininka."

Aka aika a fito mini da akwatina daga cikin dubban akwatuna. Aka fito da guda. Sai da jirgi ya busa ƙaho ya janye na buɗe shi a kan benci: atamfa, leshi, turaren wuta a kwalba, da kwalin man zafi.

A bencin akwai wani mutumin Indiya da matarsa, su ma an bar su. Shi fasfonsa ne bai kai wata shida ba, kamfanonin jiragen kuwa galibi wata shida suke nema ko da ƙasar da za a je wata uku ta ce. Ya ce in gode wa Allah, ƙaninsa ya fi mu shan wuya. Da bizar Amurka lafiyayya ya je Seattle zai hau jirgin Alaska, daga Amurka zuwa Amurka, aka ce ina bizar Kanada. Wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa jigilar fasinja tsakanin tashoshinta kai tsaye, kuma kusan duk manyan jiragen nan tutar waje suke ɗauke da ita, irin ta Bahamas ko Panama. Saboda haka sai sun ɗan tsaya a Victoria ta Kanada, ko da na 'yan sa'o'i ne da dare. Na ji daɗin labarin nan fiye da yadda ya kamaci Musulmi.

Muna zaune iskar garin ta taso, wadda suke kira bora, ta shige cikin babbar rigata ta cika ta, ta ɗauke zanna bukar ta yi dandali da ita. Wani yaro ne ya tsayar da ita da ƙafa.

Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Hotuna suka fara shigowa ta WhatsApp. Hajiya a gaban tebur mai kifi iri-iri. Hajiya da kyaftin. Hajiya a Kotor a ƙarƙashin ganuwar da ta hau dutse, kyanwoyi sun kewaye ta, don garin ya yi suna da kyanwa. A ƙarƙashin kowane hoto tana rubuta, "Saura kai." Na roƙi a bar ni in shiga a wata tasha bayan an wuce Kotor, aka ce irin wannan sai an nemi izini tun kafin jirgi ya tashi. Cikin zaman banza na karanta tarihin dokar da ta kama ni, na tarar ranar 14 ga Yunin 1985 aka sa mata hannu kusa da wani ƙauye a Luksambag, kuma a cikin jirgin ruwa aka zauna, a kan kogin Moselle.

Amma zaman ya yi rana. Na shimfiɗa taswira a kan gado na gane cewa muddin ban fita daga yankin ba, ba mai hana ni yawo. Sulobeniya tana ciki, Kuroshiya ta shiga a Janairun 2023. Ashe zan iya bin jirgin ta ƙasa in tare su a Dubrovnik. Sai dai yanzu na zama mai tsoron taswira, ina bin hanya da yatsa a hankali, har na ci karo da wani ɗan tsinke da ya yanke gaɓar Kuroshiya gida biyu. Sunansa Neum, na Bosniya ne, kilomita 9 kacal a mota. Tun 1699 mutanen Dubrovnik suka bar wa Daular Usmaniyya wurin don kada su haɗa iyaka da Benis, ga shi har yau yana jiran masu biza irin tawa. Sa'ar da na yi, a Yulin 2022 an buɗe gadar Pelješac mai tsawon kilomita 2.4, wadda wani kamfanin Sin ya gina da kuɗin Tarayyar Turai, tana kewaye Neum ta kan ruwa.

A tashar bas ta Split na nuna wa direba hoton gadar a waya. Ya gyaɗa kai. Na nuna wa yaron mota. Na nuna wa wata tsohuwa da ke kusa da ni, wadda ta ɗauka bara nake yi. Ban runtsa ba sai da na ga igiyoyin gadar sun wuce ta taga.

Tashar bas ta Dubrovnik tana manne da inda jirage ke tsayawa a Gruž. Ina saukowa da akwatin atamfa, shaddata ta koma ruwan ƙasa, sai ga jirgin a gabana, sai ga su suna saukowa. Hajiya ta yi ƙiba. Ta kawo mini akwatina da wata doguwar leda cike da burodi da cuku da 'yan kwalaben zuma da ta kwaso daga teburin karin kumallo. Muka zauna a inuwa ina ci ina ba su labarin 1699 da gadar 'yan Sin, da yadda mutum in ya san hanya ba ya rasa mafita. Don su tabbatar, na zaro tikitin komawa Trieste da na saya tun da safe, na ce su dubi yadda na same shi da araha, ya fi na zuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Surukina ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta gaba, ya juya baya, ya shafa ƙeya. Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi uwarta. Sannan ya gyara wandonsa ya durƙusa.

"Baba, wannan ta Neum take bi."