Masu Cewa Mastas Ɓata Lokaci Ne, Ku Matso Kusa

Da zarar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, ku ma sai ku buɗe naku ajin a teburin mai shayi, kuma darasin bai taɓa canzawa ba. Wane ya yi digiri yana tuƙa a-daidaita-sahu, to in ya ƙaro na biyu tirela za a ba shi? Wance ta yi mastas, ga ta can tana tallar turaren wuta a WhatsApp. Sai a kwashe da dariya, a ce mai shayi ya ƙara madara. Na ji ku. Yau dai ku ba ni aron kunne, amma kowa ya biya kuɗin shayinsa.

Akwai inda kuka yi gaskiya, ba zan ci muku haƙƙi ba. Mastas ba ya ba da aiki, jami'ar ma ba ta taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba. Wanda ya sayi fom don zaman gida ya ishe shi, ko don ya gaji da gaisuwar nan ta 'yan uwa mai ƙarewa da "yaya batun aiki?", to ɓuya ya saya da tsada, kuma tambayar tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran fitowarsa. Batun lokaci ma kuna da hujja. A takarda mastas bai wuce shekara biyu ba, digirin digirgir kuma daga uku yake farawa, amma yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Akwai wanda ya shiga da ɗan goye, kafin ya fito yaron ya iya karanta allo.

Inda kuka kauce shi ne da kuka haɗa komai kuka kira shi takarda. Alhaji na kantin Kwari, ranka ya daɗe, kai da kake bambance shadda goma da taɓawa ɗaya, ya aka yi karatu duka ya zame maka iri guda? Akwai babbar difloma ta bayan digiri, wadda mai HND ko wanda sakamakonsa ya yi rauni ko mai son sauya fanni yake bi ya haye. Akwai mastas na ma'aikata, irin su MBA, wanda galibi masu aikin banki da na gwamnati ke yi don gyara sana'a da neman ƙarin girma, kuma yawanci ba ya kai mutum digirgir kai tsaye. Sannan akwai mastas na bincike da digirin digirgir, inda ake ɗaukar mutum a koya masa yadda zai gano abin da ba a sani ba. Wannan na ƙarshen shi kuka fi yi wa dariya, kuma shi kuka fi ci.

Ci nake nufi, na baki. Ƙosan da ke gabanka, malam, daga wake aka yi shi, kuma ka tambayi duk manomin wake abin da tsutsar nan mai huda fure da kwanso take yi masa. A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, wadda tushenta ya koma shekarun 1920, ta shafe shekaru tana fitar da irin wake da masara da dawa da gyaɗa. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAMPEA ko SAMMAZ ko SAMSORG ko SAMNUT, daga nan ya fito. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da tsutsar ba ta iya masa ɓarna, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, kuma masu binciken sun ce manomi zai rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Na san cikinku akwai masu ƙyamar irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa, kuma suna da damar yin tambaya. To amma wa zai gwada ya amsa muku, ko ya tabbatar da tsoronku ko ya kore shi? Mai shayi? Dole sai wanda ya zauna shekaru yana koyon auna irin waɗannan abubuwa. Hajiya mai kiwon kaji a bayan gida, ke ma kada ki noƙe: kazar nan Shika Brown mai yawan ƙwai, a cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar da ke Shika aka samar da ita.

Farfesoshi ne sunansu ke fita, amma ƙafar aikin ɗalibai ne. Ɗan mastas ne ke tsugune a kunya da rana tsaka yana ƙirga kwanso, yana rubuta lamba a jikin ƙaramar takarda, yana roƙon kada akuyar wani ta shiga ta cinye masa babi na huɗu. Shi ne kuma farfesan gobe. Ƙasar da ta daina horar da irinsa ta zama manomin da ya dafa irin shukarsa: bana za a ƙoshi, baɗi a yi zuru.

Masu cewa to wannan noma ne, ina amfanin na masu tarihi da harshe, ku ma ga naku. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a nan Zariya ya yi digirin digirgir, a kan tarihin Katsina, aka buga aikin a matsayin littafi a 1981, kuma har yau mai son yin maganar tarihin ƙasar Hausa da hujja sai ya bi ta kansa. Rabin gardamar da kuke yi kan asalin garuruwa da sarautu, wani ne ya yi yawo ƙauye-ƙauye da rikoda, ya zauna a Gidan Arewa na Kaduna yana buɗe tsofaffin takardu, kafin labarin ya iso muku a waya an yanke masa kai da ƙafa. Har da Hausa ake rubuta kundin digirgir a jami'o'inmu, ga wanda ke zaton sai da Turanci ake zama masani.

Ku da kuke ganin hutu ake yi, ina ma a ba ku kujera ranar kare kundi. Ɗalibi ya sha babbar riga, ya kwana yana haddar abin da zai faɗa. Ga malamai jere, kowa da kwafinsa an nannaɗe kusurwar shafuka, jan biro ya yi musu kaca-kaca. Bai gama gabatarwa ba a ɗauke wuta, a jira a tayar da janareto. Sai mai jarrabawa na waje, wanda aka gayyato daga wata jami'a, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, a shafi na 47 ka ce mutum 200 ka tambaya, a shafi na 92 sun koma 180. Ina ka kai sauran?" Magidanci mai mata biyu sai ka ga gumi ya jiƙa masa hula. Wannan tambayar ita ce karatun baki ɗaya: kada ka faɗi abin da ba za ka iya nuna inda ka samo shi ba. Da za a kafa wannan doka a majalisarku ta dare, da an tashi kafin sallar isha.

Kuna cewa kundayen a laburare suke shan ƙura. Da yawa haka ne, wasu ma ƙurar ce ta dace da su, don akwai masu kwafe aikin wani su canza sunan ƙaramar hukuma kawai, akwai kuma malamin da babi zai yi wata da watanni a teburinsa bai buɗe ba. Sai dai Jami'ar Ahmadu Bello ta zuba dubban kundayenta a rumbun intanet mai suna Kubanni, kuma datar da kuke ƙonawa wajen kallon faɗan 'yan TikTok ta isa ta buɗe muku guda. Wanda bai taɓa buɗewa ba shi ya fi kowa sanin cewa babu komai a ciki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duk wannan raini, babu wanda ya kai ku son a kira shi Dakta. Alhaji da ya ce boko wahala ce, ran da wata makaranta da ba a san ƙofarta ba ta rataya masa alkyabba a ɗakin taron otal, washegari an canza katin gayyata da allon shago da sunan da ke jikin kalanda. Digirin girmamawa na gaske yana da mutuncinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata a 1988, kuma ba a ji mai cewa bai cancanta ba, ga shi har yau ɗalibai na rubuta kundi a kan waƙoƙinsa. Kai kuwa Alhaji, a kan me za a rubuta?

Ku kuma Kanawa, abokan wasa, na lura tun ɗazu kuke tsaki, kuma na san ba karatun ne ya dame ku ba, sunan Zariya ne. To ku kwantar da hankali, Jami'ar Bayero ma tana sayar da nata fom, har da cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa da makarantar kasuwanci mai sunan Ɗangote. Ku je da sakamakon digiri da takardar bautar ƙasa. Abu ɗaya kawai: kuɗin makaranta ba a tayawa, kada wani ya isa wurin mai karɓar kuɗi ya ce "nawa za ka bari?"