Kun Raina Laka, Ga Bature Yana Sayen Sanyinta Da Dala

Ku gyara zama, mutanen Boyekai, ku da 'yan'uwanku na Wurno da Rabah da Goronyo, yau da masu ginin bulo nake. Na san halinku sarai. Da an kwashe albasa da tafarnuwa daga fadama, kuɗi sun ɗumama aljihu, sai a aika Sakkwato a yi lodin siminti, a rushe soron kaka, a tayar da ɗakin bulo inci shida, a kifa masa kwano mai ɗaukar ido. Sai bazara ta kama, zafi ya haura maki 40, maigida ya kwaso tabarma ya dawo ƙofar gida yana fifita. Alhaji, ina gidan da ka gina? Ko don 'yan kallo aka yi shi?

To ku ji rigimar da ake yi a Amurka da Kanada. Can, wajen gida tara cikin goma da ake ginawa a Amurka da katako ake kafa su: kafinta ya jera sanduna, ya buga ƙusa, ya rufe da allo. Sai wasu suka ce a'a, ga abin da ya fi. Kun san farin abin nan mara nauyi da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali? Da shi suke yin bulo mai rami a tsakiya, su jera, su zura rodi, su kwarara kankare a ciki. Bango ya fito da kankare a tsakiya, rufi ciki da waje, kamar kular da uwargida ke zuba tuwo: na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Tun shekarun 1960 aka ƙirƙiro dabarar, har yau ana ta musu a kan wanne ya fi arha, wanne ya fi jure guguwa da gobara.

Na ji wani daga bayan majalisa yana cewa, "Malam, mi ya haɗa mu da Amurka?" Abin da ya haɗa ku shi ne, abin da suke zuba dala suna nema, bango mai kauri da zai tsare zafi a waje, kakanninku sun same shi a kududdufin bayan gari. A haƙo ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, a mulmula tubali a shanya. Magini na zaune a kan bango kamar mahayi, yaro na jefa masa tubali ɗaya ɗaya yana cafewa. Gindin bangon ya fi kamu ɗaya, yana sirancewa zuwa sama. Kafin zafin hantsi ya ratsa wannan kauri, rana ta faɗi. Da hunturu kuwa, ɗumin da ya sha da rana shi yake saki da asuba. Bulon ku mai rami da kwanon ku fa? Kafin azahar sun kai wa na ciki saƙo.

"Ai laka ginin talaka ne." Madalla da attajirin bana! Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya kafa ribaɗi a Wurno, ya rasu a can a 1837, buhun siminti nawa ya saya? Kamfanin simintin Kalambaina ai sai shekarun 1960 ya zo. Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da laka da azara a shekarun 1830, masu karatun zanen gini sun shafe shekara da shekaru suna zuwa kallon bakan gizonsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, laka ce. A garin Yama na jihar Tawa, nan maƙwabtanku, magini Falke Barmu ya fara masallacin laka a 1962, a 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta duniya. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Su waɗannan duk talauci ne ya sa su?

"Ka manta 2010?" Ban manta ba, kuma wannan tambayar ta fi sauran nauyi. A watan Satumba na shekarar, ruwan gulbin Rima da na madatsar Goronyo ya mamaye ƙauyuka, gidajen laka suka zube da rumbunansu. Wanda ya kwana a tudu da 'ya'yansa a wancan lokaci ba a yi masa zolaya. Laka ba ta tsoron rana, ruwa take tsoro, kuma ta gindi da ta ka yake kama ta. Saboda haka ga inda simintinku zai yi rana: a haƙa tushe, a zuba dutse da kankare, a ɗaga shi sama da inda ruwa ya saba kaiwa, sannan a ɗora tubali. A sa indararo mai tsawo da zai watsa ruwa nesa da bango. A bi da yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Amma kar a shafa wa ɗanyar laka filastar siminti zalla, don bayan damina biyu za ku ga ta ɓantare tana faɗowa falle falle.

"Giginya ta yi wuya, ina za mu sami azara?" Gaskiya ne, kuma wannan ya kashe maganar gidan katako irin na Amurka tun kafin a fara ta. Wa zai ɗoro katako daga kudu ya kawo wa gara kalaci? A Nijar, tun 1980 ake koya wa magina rufa ɗaki da ƙubbar tubali ba ko sanda ɗaya. Wanda kuma ya nace sai kwano, to ya ɗaga rufin, ya sa silin, ya buɗe tagogi biyu masu kallon juna.

Shi kuwa bulon Bature, kar wani ya sayar da gona ya yi odarsa. Amfaninsa ya fi fitowa a gidan da ake rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ga shi gara tana iya fafe hanya a cikinsa. Da wace wutar za ku kunna na'urar?

Saura mai cewa amarya ba za ta tare a ɗakin laka ba. Ango, kai ta ɗakin kwano ranar tsakiyar Afrilu da azahar, sannan ka kai ta soron kakarka, ka bar ta ta zaɓa da bakinta.

Ku sa siminti a tushe, laka a jiki, inuwa a ka. Kuɗin da ya ragu ku sayi irin albasa.