Labarin Giwar Konakiri

Ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar de Gaulle ya sa ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka suka jefa ƙuri'a: ko dai su ci gaba da zama a inuwarta, ko kuwa kowa ya kama gabansa. Kusan duk suka ce sun zauna. Har a Nijar, inda Jibo Bakari ya yi ta kiran a ce a'a, masu cewa e ne suka yi rinjaye. Gini kaɗai ta ce ta gode. Ranar 2 ga Oktoba ta sami 'yancin kai, Ahmed Seku Ture ya hau mulki, Faransawa kuwa suka tattara nasu ya nasu cikin fushi, suka janye ma'aikata da kayan aiki, wani abin da bai ɗauku ba suka lalata shi.

Ƙasar da aka bari a wannan hali, kowa zai zaci likita da injiniya kaɗai za ta shiga nema. Seku Ture har makaɗa ya waiwaya. A lokacin, in ka shiga gidan rawa a Konakiri, waƙoƙin Faransa da na Kuba za ka ji ana kwaikwayo. Sai ya rushe ƙungiyoyin makaɗa masu zaman kansu, ya ce daga yau wanda zai riƙe jita ko ya busa ƙahon Bature, to ya koma gida ya ɗauko abin da kakanninsa ke yi da kora da balafon, ya sa masa sabuwar riga. A farkon 1959 aka kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, Syli Orchestre National. Daga cikinta ƙungiyar Keletigi Tarawore da ta Balla Onibogi suka fito. Jihohi fiye da 30 kowace ta sami tata ƙungiya. Gwamnati ke sayen kayan kiɗa, gwamnati ke biyan albashi, makaɗi ya zama ma'aikaci kamar malamin makaranta. Aka kuma sa gasa, daga ƙauye zuwa jiha, daga jiha zuwa babban birni. Wanda ya yi fice a kai shi Konakiri.

Haka wasu samari daga Beyla, wani gari can kudu maso gabas wajen iyakar Kwaddibuwa, suka fito. A 1961 suka haɗu, suka ɗauki sunan rafin da ya ratsa garinsu, Bembeya. Suka ci gasa, suka sake ci, zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka ɗaga su zuwa matsayin ƙungiyar ƙasa, suka tare a Konakiri da sunan Bembeya Jazz National. Mai jitarsu Seku Jabate ne, wanda saboda iya sarrafa tsirkiya aka yi wa laƙabi da mai yatsun lu'ulu'u. Mawaƙinsu kuwa Abubakar Demba Kamara. Da aka dawo da ƙasusuwan Samori Ture daga Gabon, inda Faransawa suka kai shi gudun dole ya rasu a 1900, su Bembeya ne suka yi masa doguwar waƙar tarihi mai suna "Regard sur le passé", wadda ta cinye fuska biyu na faifan garmaho. Daga Dakar har Abijan ba inda ba ta shiga ba.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai Horoya Band ta Kankan. Akwai Les Amazones, ƙungiyar da duk mata ne, kuma duk jandarmomi. Akwai Sori Kandiya Kuyate, maroƙin gado mai muryar da ba ta neman lasifika. Miriyam Makeba, da gwamnatin wariyar launin fata ta hana komawa Afirka ta Kudu, a Gini ta sami masauki daga ƙarshen shekarun 1960, ta kuma yi waƙoƙi da makaɗan ƙasar. Duk wannan ana ɗaukarsa a ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon gwamnati, a naɗe a kan zaren tef, zaɓaɓɓu daga ciki a buga su a faifai ƙarƙashin kamfanin gwamnati, Syliphone, mai tambarin giwa. Makaɗan Gini sun je bikin al'adun Afirka na Aljiyas a 1969, sun kuma zo Legas a bikin FESTAC na 1977. Mali ta ga abin ya yi kyau, ita ma ta bi sawu. Wannan shi ne zamanin da kiɗan Gini ke ganiyarsa, wanda har yau in an ambace shi dattawa sai su girgiza kai su ce Allah sarki.

Amma wanda ya saya maka ganga shi ke gaya maka take. Waƙoƙi da dama na yabon jam'iyya ne da shugabanta, wasu na kiran a yi noma, wasu na yabon soja. Yawancin abin da aka buga a faifai da harshen Maninka ne, harshen shugaban. Fulani, duk yawansu a ƙasar, kaɗan ne nasu ya fito. Fodeba Keita, wanda ya kafa ƙungiyar raye-raye ta Les Ballets Africains, ya kai al'adar Gini ko'ina a duniya, har ya zama minista, an kama shi a 1969, aka kai shi kurkukun Boiro, bai fito ba. Saboda haka makaɗi yana cin albashi, amma yana waƙa yana waiwaye.

Akwai kuma wata illa da ba ta bayyana ba sai daga baya. Tunda aljihu guda ke ɗauke da kowa, jama'a suka saba jin daɗi a ɓagas. Ana kunna rediyo waƙa ta zubo. Ana zuwa filin rawa a cashe. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa nawa ake sayen tsirkiyar jita, ko me zai faru ran da mai biya ya kau.

A watan Afrilun 1973 Demba Kamara ya rasu bayan hatsarin mota a Dakar. Ƙasa ta yi makoki, Bembeya ta daɗe ba ta dawo hayyacinta ba. Sori Kandiya ya bi shi a 1977. Ranar 26 ga Maris, 1984, shi kansa Seku Ture ya rasu a wani asibiti a Amurka, mako guda bayan nan soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Lansana Konte. Albashi ya tsaya. Kamfanin Syliphone ya mutu. Makaɗan da jiya ake tura musu jirgi su wakilci ƙasa, yau suka koma neman na cefane, kayan kiɗa suna lalacewa ba mai sabuntawa. Wanda ya sami hanya ya fice. Mori Kante, ɗan Gini ne, amma a Faris ya yi waƙar da ta mamaye Turai a 1988, aka sayar da faifanta sama da miliyan ɗaya.

Masoya kuwa suna nan. Ba wanda ya daina son Bembeya. Sai dai so ne irin na fatar baki, wanda ba ya ratsa aljihu.

A watan Yulin 1985, Konte yana taron shugabanni a Lome, Kanar Jara Tarawore ya yi yunƙurin juyin mulki, ya kama gidan rediyo. Sojojin gwamnati suka buɗe wa ginin wuta don su ƙwato shi. Sun ƙwato shi, amma wani sashe na abin da aka tara cikin shekaru 25 ya tafi ke nan. Abin da ya tsira aka jibge a ɗaki aka ja ƙofa. Konakiri kuwa gari ne na bakin teku, ruwan saman da ke sauka a shekara ya kusa mita 4. Zaren tef ba ya shiri da laima: yana yin funfuna, yana mannewa, yana tsinkewa. Ga shi kuma sababbin masu mulki ba su da marmarin jin waƙoƙin da ke yabon wanda suka gada, sai suka haɗa da mai yabon da marar yabon suka juya musu baya.

Daga 1985 zuwa 2008, shekara 23 ke nan. A tsawon wannan lokaci ministocin al'adu sun zo sun wuce. An yi bukukuwan 'yancin kai, an yi jawabai a kan martabar gargajiya. Masu kuɗi sun gina benaye. Duk da haka, ƙasar da ta haifi Syliphone ta wayi gari ba ta da cikakken jerin faya-fayan da kamfaninta ya buga. Masu sake buga waƙoƙin a sabon faifai suna Faris da Landan. Su Bembeya ma da suka sake haɗuwa suka fitar da sabon faifai a 2002, wani kamfani ne na Faransa ya ɗauki nauyi, wato ƙasar da aka ce wa a'a a 1958.

Sai ga wani Bature ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, wanda kakanninsa ba su taɓa jin kora ba. Ya bi masu tara tsofaffin faya-fayai ƙasa ƙasa har ya haɗa jerin Syliphone, ya miƙa wa Gini a 2008, shekarar da ta cika 50 da 'yanci. Da tallafin ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya, ya shiga wancan ɗaki na gidan rediyo, shi da ma'aikatan da suka tsare ɗakin shekara da shekaru ba tare da an ba su na'ura ko kuɗin gyara ba. Naɗi bayan naɗi suna gogewa, suna liƙe inda ya tsinke, suna juyewa a kwamfuta. Zuwa 2013 an ceto waƙoƙi 9,410 daga naɗin tef sama da 1,000. A ciki har da waƙoƙin Fulani da na ƙananan ƙabilu da ba a taɓa bugawa a faifai ba. Gwamnatin Gini ta ba shi lambar girma. Daga baya aka sa waƙoƙin a intanet, amma ɗan Gini da ke son jin muryar kakansa, ta hanyar Landan zai bi.

Iyakar labarin ke nan. Labarin Gini ne, ƙasa mai nisa, ba ruwan kowa a nan.

Da a ce akwai wata ƙasa daban da Allah ya yi wa baiwar makaɗa, masu kalangu da masu kotso da masu taushi da masu kuntigi, waɗanda suka yi wa sarakuna da manoma da 'yan dambe da direbobi waƙa har aka rasa iyakar adadinta, da sai a ce mutanenta su saurara. Da a ce a wannan ƙasa akwai majalisun da kullum bayan la'asar zancen guda ne, wai kiɗa ya mutu, wai yaran yanzu ba su iya komai ba sai na'ura, alhali mai faɗin haka bai taɓa sayen kaset na gaskiya ba sai na satar fasaha, yanzu kuma a waya ake tura masa kyauta, da sai a tambaye shi da me ya taimaki zamanin da yake wa kuka. Da a ce akwai gidajen rediyon da ke da ɗaki irin na Konakiri, mabuɗinsa na aljihun wani da ke jiran ritaya, rufin yana yoyo, gara na hidimarta, wani lokaci ma a goge waƙar da ba ta da kwafi a ɗora jawabin babban baƙo, da sai a ce su je su duba. Da a ce akwai attajirin da aka wasa kakansa a waƙa, yake sa ta a mota yana gyara zaman hula, amma bai san ko iyalan mawaƙin sun ɗora tukunya ba, da sai a tuna masa. Da a ce akwai magada da suka kulle buhun kaset a ƙarƙashin gado, ba su saurara ba, ba su bari an juye ba, suna jiran ranar da wani zai zo da maƙudan kuɗi, da sai a gaya musu zaren kaset ba ya jiran ciniki. Da a ce kuma akwai mawaƙan yau da suka rataya muryarsu kacokan a aljihun mutum ɗaya mai mulki, da sai a karanta musu abin da ya faru a Konakiri bayan Maris na 1984.

Amma tunda babu irin wannan ƙasa, ba sai an tsawaita ba. Wanda ya ji gabansa ya faɗi, to mai kaza a aljihu ne, shi ya san dalilin da ba ya jimirin as.

Abin da labarin ya nuna dai a fili yake. Ganiyar kiɗan Gini ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya sayi kayan kiɗa, ya biya makaɗa, ya gina ɗakin ɗaukar murya, ko da yake ya karɓi ladansa da tsada. Da ya kau, ba a sami masu ɗaukar nauyin ba, sai masu cewa Allah sarki. Mutanen Gini sun yi sa'a, baƙo ya iso kafin laima ta gama aikinta. Ba kowace ƙasa ce za ta yi wannan sa'a ba, kuma ba wajibi ba ne a kan ɗan Ostireliya ya ceci muryar kakan wani. Duk wanda ya san akwai irin wannan ɗaki kusa da shi, ko irin wannan buhu a gidansu, ya tashi ya buɗe shi tun damina ba ta sake zagayowa ba.