Ba Damfara Ba Ce, Alhaji, Gyaran Riga Ne

Tun da labari ya bazu cewa yaran unguwar Barnawa suna iya sa shafin intanet ya sauya kama a kan kwamfutarsu, masu shakka suka rabu gida biyu. Kashi na farko sun ce wannan ai damfara ce aka sa wa babbar riga. Kashi na biyu, su ne suka fi ba ni dariya, da rana suna tofa wa abin yawu, da almuru kuma su laɓaɓo su tambaya ko za a iya ƙara wa yaro maki arba'in a sakamakon JAMB. Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba za a iya ba. Zauna in gaya maka dalili.

Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauzarka kwafinsa take saukowa da shi. Asalin yana can a babbar kwamfutar masu shafin, ba ka taɓa shi ba, ba za ka taɓa shi ba. Abin da yaran nan suke rubutawa guntun umarni ne da yaren JavaScript, wanda ke aiki a kan wannan kwafi naka kaɗai: ya ƙara girman rubutu, ya ɓoye abin da ke tsone maka ido, ya matso da maɓallin da aka binne a ƙasa. Ku da iyayenku suka ci abinci a masaƙun Kakuri tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, bai kamata a tsaya yi muku dogon bayani ba. In tela ya rage wa rigarka hannu, masaƙa ba ta ma san an yi ba, kuma rigar maƙwabcinka tana nan yadda take. Yaro zai iya sa 180 ta koma 320 a fuskar kwamfutarsa, ya ɗauki hoto ya kai wa baba. Ran da aka zo tantancewa, 180 ɗin ce za ta tarbe shi a bakin ƙofa tana murmushi.

Kuma kada wani ya ce mini sabon yayi ne. Aaron Boodman ya fitar da Greasemonkey don burauzar Firefox tun wajen 2005, lokacin da yawancinmu sai mun biya kuɗin awa a shagon intanet kafin mu duba saƙo. Wani Bajamushe, Jan Biniok, ya kawo Tampermonkey a 2010, ga kuma Violentmonkey. Dukkansu aikinsu ɗaya: su riƙe maka guntayen umarninka, su saki kowanne a shafin da ka ce. Cibiyar fasaha ta CoLab da aka buɗe a Barnawa a 2016 ma ƙanwa ce a wajen wannan sana'a.

Na ji Malam daga Sabon Tasha yana cewa, to mu ina ruwanmu? Malam, ba kai ba ne kake tsaki duk lokacin da fom ya ce ka sake rubuta doguwar lamba da hannu, ya kuma hana ka manna wadda ka kwafo? Layi biyar sun isa su cire wannan takunkumi. Hajiya da ke lumshe ido tana neman karanta rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, layi biyu sun ishe ta. Wanda ya fi shafarmu mu masu rubutun Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Madannan kwamfutar da ake sayarwa a kasuwa ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ. Sai mutum ya rubuta umarnin da zai sa in ya danna k tare da wani maɓalli, ƙ ta fito a kowane akwatin rubutu. Masu gyara Wikipedia ma manhajar shafin ta ba kowannensu shafinsa na kansa mai suna common.js don irin wannan aiki. Ke nan masu gidan da kansu suka buɗe ƙofa, ba katanga aka haura ba.

Yanzu ga inda masu shakka suke tafa hannu: wai abin lalacewa yake yi. Ƙwarai kuwa, yana lalacewa, har ma fiye da yadda kuke zato. Rubutawar minti goma ce, neman abin da ya hana shi aiki shi ne mai cin dare. Sau da yawa laifin yana can sama, a layin @match da ke gaya wa burauza adireshin da za a yi aiki a kai. Ka sa www, shafin kuma ba ya amfani da ita, sai umarnin ya kwanta barci, kai kana nan kana zagin kwamfuta. In wannan daidai ne, sai ka duba lokaci. Shafukan zamani ba sa sauka gaba ɗaya, gutsi-gutsi suke zuwa, balle a ranar da sabis ke jan ƙafa a Gonin Gora. Umarninka ya riga maɓallin isowa, ya duba bai gan shi ba, ya tafi abinsa. Sabon shiga sai ya ce a jira daƙiƙa uku, ya yi aiki yau, gobe sabis ya ƙara nauyi ya ƙi. Wanda ya goge sai ya kafa MutationObserver, mai gadin da zai zauna yana kallon shafin har abin ya bayyana. Duk wannan ba duba ba ne, ba bugun ƙasa ba. Ka danna F12, taga ta buɗe, kuskuren yana nan da jan rubutu har da lambar layin da ya faɗi.

Akwai wani mai ban haushi da ke kama masu ƙ ɗin nan. Harafin ya fito sarai a akwati, ka aika, ka tarar bai tafi ba, domin wasu shafukan suna riƙe da nasu lissafin a ɓoye, kuma sai an sanar da su cewa an yi rubutu kafin su yarda. Wani lokacin kuma ya tafi lafiya ya dawo alamar tambaya. Wannan kam daga ma'ajiyar masu shafin ne, ko ka kwana kana gyara ba abin da zai sauya.

Sai ranar da mai shafi ya tashi ya sauya sunayen sassan shafinsa ba tare da sallama ba, wanda haƙƙinsa ne, aikinka ya rushe. Wani sa'in ma burauzar ce ke juya baya. Da Firefox 57 ta fito a 2017, Greasemonkey ta sauya tsari, tsofaffin umarni da yawa suka daina motsi. Chrome kuma a 'yan shekarun nan sai ka shiga ka kunna izini da hannunka kafin Tampermonkey ta saki komai. Mutanen da ke cewa mu ai da waya muke, Chrome ta Android ba ta karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare, amma Firefox ta Android tana karɓar Tampermonkey.

Abu ɗaya zan ba ku gaskiya a kai, kada ku ce ban taɓa ba ku ba. Umarnin da zai iya gyara shafi zai iya karanta abin da kake rubutawa a cikinsa, har da kalmar sirri, ya aika wa wani. Tun a watan Yulin 2005 Mark Pilgrim ya gano wata ɓaraka a Greasemonkey da ke ba mugun shafi damar leƙa fayilolin kwamfutar mutum, sai da aka yi gaggawar toshewa. Tsohuwar kasuwar umarnin, userscripts.org, shara da miyagun kaya sun cika ta kafin ta mutu a 2014, jama'a suka koma Greasy Fork, inda doka ta hana ɓoye abin da umarni ya ƙunsa. Abin mamakin shi ne, Alhajin da ke kiran wannan damfara shi ne wanda ɗan wansa zai turo masa manhaja ta WhatsApp a ce tana ba da data kyauta, ya girka ko bismilla babu.

Don haka, Alhaji, in yaronka ya ce zai sa maka ɗaya, kada ka kore shi, kada kuma ka miƙa masa kwamfutar ka tafi masallaci. Ka sa shi ya karanta maka layin @match da babbar murya. In ka ji adireshin bankinka a ciki, ko ka ga tauraro tsirara da ke nufin kowane shafi a duniya alhali aikin na shafi ɗaya ne, ka ce ya goge a gabanka.